Rajistar Adon Titunan Kano: Yadda Aikin Yake Tafiya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na fara aikin da na daɗe ina niyyarsa, wato tattara hotuna da bayanan kayan adon da ke kan titunan Kano, waɗanda kowa yake gani ba tare da ya biya ko sisi ba: ƙofofin gari, zanen fuskar gidaje, gine-ginen tsakiyar shataletale, allunan masu sana'a da aka zana da hannu, da kuma zanen bayan manyan motoci. Abin da ya zaburar da ni shi ne rushe ginin shataletalen gidan gwamnati da aka yi a watan Yunin 2023. An gina shi a 2017 domin bikin cikar jihar Kano shekara 50 da kafuwa, Kaltume Gana ce ta tsara shi, sai aka wayi gari babu shi. Gwamnati ta ce tsayinsa yana tare ƙofar gidan gwamnati kuma yana hana direbobi hangen gabansu, daga baya kuma ta yi alkawarin sake gina irinsa a wajen gadar Na'ibawa. Muhawarar da ta biyo baya ba ita ce ta tsaya mini a rai ba. Abin da ya dame ni shi ne mutane da yawa sai a ranar suka fara jin sunan wadda ta tsara ginin, kuma da na shiga neman hoton da ya nuna zanen jikinsa kusa-kusa, yawancin abin da na samu hotunan mutane ne da suka tsaya ginin yana can bayansu.

Tsarin da na yi shi ne kowane abu ya sami shafi guda: unguwa da titi, ranar da na gan shi, kayan da aka yi shi da su, halin da yake ciki, da wanda ya yi shi idan an san shi. Ƙanena zai riƙa rubutu, ni ina ɗaukar hoto. Na ware naira 60,000. Yau na sayi littafi mai kauri a kan 1,500 da memori a kan 6,000.

Lahadi, 7 ga Janairu

Mun bi ƙofofin da ke kan titin BUK (Jami'ar Bayero), daga Ƙofar Nasarawa zuwa Sabuwar Ƙofa, Ɗan Agundi, Na'isa da Gadon Ƙaya. Hazo ya yi yawa, hotunan duk sun fito fari fat, kuma zanen da aka tono a jikin siminti ba ya fitowa idan babu inuwa. Sai an sake su. Kuɗin adaidaita sahu 1,800.

Duk da haka tafiyar ba ta tashi a banza ba, domin na lura da abin da ban taɓa lura da shi daga cikin mota ba. An fara ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, amma ƙofofin da muke ratsawa yau gini ne na siminti da aka buɗa domin mota ta wuce, aka shafa musu launin ƙasa, aka ɗora musu zankwaye da dagi. Suna da kyau daga nesa, sai dai sun yi kama da juna sosai, har mutum yakan rasa abin da zai rubuta a shafin wata wanda bai riga ya rubuta a shafin maƙwabciyarta ba. Ita kuwa ganuwar ƙasa da ke tsakaninsu, wadda ita ce tsohuwar gaske, tana zaizayewa, an gina wani wurin an mai da wani juji.

Asabar, 13 ga Janairu

Jiya Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan zaɓen gwamna, gari ya cika da jerin gwano, don haka ban yi nisa ba. Na je wajen wani mai shayi da ke kusa da mu, wanda aka zana masa buta da kofi da burodi a bangon da yake jingina teburinsa, tururin shayin yana tashi a lanƙwashe da farin fenti. Na tarar an rufe rabin zanen da sababbin fastoci. Mai shayin ya taimaka mini muka ɓamɓare gefe guda a hankali, sai muka ga ashe akwai wasu tsofaffin fastocin a ƙarƙashi, na jam'iyyu dabam-dabam, kuma sitacin da aka manna su da shi yana tasowa tare da fentin. Muka bari, kada gyara ya zama ɓarna. Na ɗauki abin da ya rage, hannun buta da rabin burodi. Ya ce wani yaro ne daga wajen Fagge ya zana masa shekarun baya, ya biya shi da kuɗi kaɗan da shayin sati guda, kuma bai san inda yake yanzu ba. A gurbin mai aiki na rubuta cewa ba a sani ba.

Asabar, 20 ga Janairu

Yau muka shiga cikin gari neman gidaje masu zanen fuska, kuma a nan muka haɗu da matsala ta farko mai girma. A wani lungu da ke bayan kasuwar Kurmi mun sami gidan ƙasa wanda zanen ƙofarsa ya fi duk abin da na gani zuwa yanzu. A saman ƙofar zaure akwai babban dagi da aka tayar da shi daga jikin bango kamar kaurin yatsu uku, igiyarsa tana shiga tana fita ba tare da an ga inda ta fara ba. Dama da hagu takubba biyu ne a tsaye, a ƙarƙashinsu kuma da'irori masu naɗewa cikin juna har zuwa dakali. A kusurwar hagu, can sama kusa da indararo, akwai ɗan ƙaramin keke mai ƙafa biyu da kan tuƙi, wanda ba zai wuce tsawon hannu ba. An taɓa shafe bangon da makuba, domin har yanzu akwai wuraren da suke da jan duhu mai sheƙi, sauran kuwa ruwan sama ya wanke su.

Ina ɗaga waya sai wani dattijo ya fito daga zauren a fusace, matasa suka taru. Na yi sallama, na ce masa Baba hoton zanen kawai nake so, amma ya ƙi saurara. Ganin ƙanena da littafi da biro ya sa suka ɗauka an aiko mu ne mu yi wa gidan alamar rusau. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, domin wanda ya ga yadda aka yi ta shafa wa gine-gine jan fenti a garin nan bara ba zai amince da baƙo mai littafi a ƙofar gidansa ba. Muka ba da haƙuri muka tafi ba tare da hoto ko ɗaya ba.

Da la'asar wani abokin mahaifina ya raka ni wurin mai unguwa. Na gaishe shi, na nuna masa littafin shafi-shafi, na kuma yi alkawarin ba zan rubuta sunan mai gida ko lambar gida ba sai da izini. Ya haɗa ni da wani yaronsa wanda zai riƙa shiga gabanmu. Daga yau wannan ya zama ƙa'ida: a kowace unguwa sai an fara da gidan mai unguwa. Goron gaisuwa 2,000, ɗan rakiya 1,500.

Lahadi, 21 ga Janairu

Mun koma gidan jiya tare da ɗan rakiya. Dattijon ya karɓe mu da fara'a, har ya sa aka kawo mana ruwa. Ya ce mahaifinsa ne ya sa aka yi zanen lokacin da zai yi aure na biyu, kuma an saka keken ne saboda a lokacin shi ne abin alfaharin gidan. Hazo bai bari hoto ya yi kyau ba, amma na ɗauka haka nan, da niyyar dawowa idan sama ta washe.

Asabar, 27 ga Janairu

Yakasai da Gwangwazo. Gidaje kaɗan masu zanen siminti, ba na ƙasa. Sufuri da ɗan rakiya 3,000.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Da safe mun ƙarasa ƙofofin yamma, Famfo da Dukawuya da Kabuga. A rana irin ta yau ce, a 1903, sojojin Ingila suka ci Kano, kuma Ƙofar Kabuga ce ake ambata a matsayin inda suka shigo, amma mai wucewa ta wurin yau ba abin da zai tuna masa da haka. Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari sai a gidan tarihi na Gidan Makama ake ganinsu.

Babban abin yau shi ne zaman da na yi da wani tsohon magini da mai unguwa ya yi mini hanyarsa. Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, yanzu idonsa ya yi rauni, amma da na nuna masa hoton gidan mai keke ya kawo wayar dab da fuskarsa, sai ya ce wannan aikin hannu ne tsantsa, ba a sa masa cokalin gini ba. Ya bayyana mini cewa ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a yi yaɓe mai kauri, sa'an nan tun yana da danshi magini ya zana siffar da yatsa, ya riƙa ƙara ƙasa a inda yake so ya tashi yana dannawa da tafin hannu. Ba a zana komai a takarda, kuma idan yaɓen ya sha iska kafin a gama, sai dai a kankare a sake. Bayan ya bushe ake shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ce take ba bango jan duhun nan kuma take rage masa shan ruwa. A wuraren da ruwa ya fi duka, kamar saman soro da gindin zanko, laso ake sawa, wanda ake haɗawa da katsi daga karofi da gashin jima da dafara. Kenan adon gida ɗaya yana jingine da marina da majema da masu kawo ɗorawa daga ƙauye, kuma da waɗannan sana'o'i suka ja baya, dole shi ma ya ja.

Na tambaye shi ko magina suna barin wata alama da za a gane aikinsu. Ya ce ba sa rubuta suna, amma kowane gidan magina yana da yadda yake naɗe da'irarsa da yadda yake ƙare bakin zanko, kuma a da magini yana iya bin lungu yana faɗin wanda ya yi kowane gida. Wannan ilimi ne da ba ya cikin kowane littafi da na taɓa gani, kuma masu shi ba su da yawa. Na roƙe shi ya bi mu rana guda a adaidaita sahu, ya amince idan jikinsa ya yi daɗi. Na ba shi 5,000, ya ƙi karɓa sai da ɗan rakiya ya sa baki.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Sama ta washe, muka yi sammako zuwa gidan mai keke domin in sami hasken safe da zai fito da tudun zanen. Mun tarar an kafa katakon hawa a jikin bangon, leburori biyu suna sara da diga. Dagin ya riga ya sauka, takobin dama ma haka, an tara ƙasarsu a gefen kwata. Keken ne kaɗai ya rage a sama, shi ma kafin mu bar wurin an kai gare shi.

Dattijon ya ja ni cikin zaure ya yi mini bayani da kansa, ba tare da na tambaya ba. Ɗansa zai yi aure bayan Sallah, amarya a gidan za ta tare. Damina biyu da suka wuce ruwa ya shiga ta bayan zanen har bangon ya fara rabuwa da azara, ya nemi wanda zai gyara masa da ƙasa bai samu ba, waɗanda ya samu kuma sun ce sai dai a sare a ja bulo a manna tayil. Ya ƙara da cewa buhun siminti ya haura naira 10,000 a 'yan kwanakin nan, kuma yana tsoron idan ya jira ya ƙara tashi. Ba ni da abin da zan ce masa. Mutum ne yake kare gidansa daga faɗuwa, kuma ba wata hukuma ko ƙungiya da ta taɓa zuwa ta ce masa bangon nan yana da daraja, balle ta taimaka masa da kuɗin yaɓe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohon maginin da na zauna da shi makon jiya yana zaune ne a unguwar da ba ta fi tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa ba, kuma yana da jikoki da suka iya kwaɓa ƙasa, amma su biyun ba su san da juna ba.

Na nemi izini na ɗauki wani ɓallin dagin da bai farfashe ba, mai faɗin tafin hannu biyu. A karyayyen gefensa ana ganin ciyawar da aka kwaɓa da ita, a fuskarsa kuma akwai sawun yatsu huɗu a jere inda maginin ya danna. Hotunan ranar 21 ga Janairu, da hazonsu da komai, su ne kaɗai shaidar yadda bangon yake. Na ƙara layi a kowane shafi na rubuta ko abin yana cikin haɗarin rushewa, kuma irin waɗannan za mu riƙa fara bi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na je Zariya domin in sami abin kwatance. Kuɗin mota zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari 9,500. A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane, cike da mutum-mutumin siminti da na ƙarfe waɗanda ɗalibai suka yi shekara da shekaru. Wurin yana da tarihi, domin a Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, tun kafin a buɗe jami'ar a 1962. Amma da mutum ya fito ya nufi cikin birni, sai siffar ɗan Adam ta ɓace, a koma ga launukan ƙofar fadar Zazzau da bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Tafiyar ta warware mini wata magana da nake yawan ji daga abokai, cewa wai Kano ba ta da adon titi tunda ba ta da mutum-mutumi irin na Legas ko Inugu. Ban yarda da wannan ba. Jama'armu sun guji sassaƙa siffar mai rai saboda addini, kuma wannan zaɓi ne da ya kamata a girmama, amma ba su daina ƙawata wurin zamansu ba. Sun zuba gwanintar a ƙulli da da'ira da rubutun Larabci da siffar kayan aiki. Bambancin da na gani na gaskiya shi ne a Samaru ana iya tambaya a gano ɗalibin da ya yi aiki da shekarar da ya yi shi, kuma Zazzagawa sun riƙe sunan Babban Gwani kusan shekara 200, alhali a littafina gurbin mai aiki a mafi yawan shafuka babu komai.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Kasuwar Dawanau, wurin manyan motocin hatsi. Direbobi da yaran mota sun fi kowa sauƙin sha'ani, wasu har goge ƙurar bayan motar suke yi kafin in ɗauka. Na sami zaki yana danne barewa, gaggafa da maciji a baki, masallaci mai kore da fari, da jirgin sama a kan gajimare, kowanne da rubutunsa a sama, ko addu'a ko karin magana. Abin lura shi ne a nan ana zana dabbobi ba tare da wani ya ɗaga murya ba, wataƙila domin fenti ne a shafe ba jiki mai inuwa ba. A nan ne kuma na fara samun sa hannu, domin wasu masu zanen sukan rubuta laƙabinsu da garinsu a ƙasan kusurwar dama.

Ta haka na gano wani mai zane a kan hanyar Katsina. Ya ce aikin allunan shaguna ya kusa ƙarewa, saboda mai shago yana zuwa a buga masa bana ta roba da na'ura cikin awa guda a kuɗin da bai kai na fenti ba, ko da yake rana tana cinye launinta kafin shekara ta zagayo. Motoci da bangon makarantun yara ne suka riƙe shi. Ya yarda in rubuta laƙabinsa a rajistar, ya kuma yi alkawarin nuna mini allunansa da suka rage a gari. Sufuri da abinci 4,200.

Asabar, 2 ga Maris

Tsohon magini ba shi da lafiya, an ɗage fitar. Na sake ɗaukar ƙofofin titin BUK da hantsi, sun fito yadda nake so. Na wanke hotuna 40 a kan 250 kowanne, 10,000 kenan, domin mannawa a littafin. Da sauran ƙananan kashe-kashe, abin da ya rage a hannuna bai kai 12,000 ba.

Asabar, 9 ga Maris

Magini ya sami sauƙi, muka ɗauki shatar adaidaita sahu ta awa uku a kan 6,000, muka zaga da shi Mandawari da Koki da gindin Dala. A gida biyar ya sauko ya shafa bango da hannunsa, a uku daga ciki ya faɗi gidan maginan da suka yi aikin, ɗaya kuma ya ce shi da yayansa ne suka yi shi suna samari. Ƙanena ya naɗi muryarsa a waya da izininsa. Waɗannan su ne shafukan gidajen ƙasa na farko da gurbin mai aiki ya cika, kuma zan koma wurin masu gidajen in ji ko abin da suka sani ya dace da nasa kafin in tabbatar.

Azumi zai kama a farkon mako, don haka fita za ta tsaya sai bayan Sallah. A cikin watan zan juye muryar zuwa rubutu, in shigar da shafukan a kwamfuta, in kuma rubuta takarda zuwa gidajen tarihi na Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama in nemi a karɓi kwafi a ajiye. Shataletale da gadojin sama ban taɓa su ba tukuna, su ne farkon aiki idan an dawo, sai allunan mai zanen hanyar Katsina. Na kuma yi magana da jikokin maginin a kan su yi mini dagi ɗaya na ƙasa a bangon zaurenmu kafin damina, shi yana zaune yana nuna musu, ni ina ɗaukar kowane mataki tun daga kwaɓi har shafa makuba. Sun yi mini lissafin ƙasa da ciyawa da makuba da ladan aiki a kan 35,000, kuma zan fara tara kuɗin daga albashin wannan wata.